Falle-Fallen Hoto: Don Me Aiki Ke Lalacewa a Hanya?

Duk wanda ya taɓa tsara bangon littafi a kwamfuta ya san hoton ba abu guda ba ne. Falle-falle ne ake jerawa bisa juna kamar takardu masu shara-shara: wannan na rubutu, wancan na launi, wani na inuwa. Tun da manhajar Photoshop ta shigo da wannan tsari a 1994, mai zane ya sami damar gyara sunan littafi ba tare da ya taɓa zanen da ke ƙarƙashinsa ba.

Matsala tana tasowa ne in aka ɗauki aikin zuwa wata manhaja. Photoshop tana adana aikinta a tsarin PSD, GIMP a XCF, Krita kuwa a KRA, kowacce da ƙa'idojinta. Saboda haka sau da yawa fallen rubutu yakan isa a matsayin zane kawai, inuwa ta ɓace, launi ya sauya. Ga mai rubutun Hausa wannan ba ƙaramar asara ba ce. In an manta lanƙwasar ƙ, aka rubuta kafa a maimakon ƙafa, ba halin gyara harafi ɗaya, sai dai a sake layin baki ɗaya.

Wasu za su ce ai mafita ita ce kowa ya riƙi manhaja guda. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma ba da hayar Photoshop, wanda kuwa ya kasa biya, gyaran aikinsa yakan gagare shi. Bai kamata guminsa ya zauna a ɗakin da mabuɗinsa ke hannun wani ba.

Don haka ne aka fito da tsarin OpenRaster a 2006, wanda ke adana kowane falle a matsayin hoton PNG, tare da bayanin yadda aka jera su. GIMP da Krita duk suna buɗe shi. Gaskiya ne ba ya ɗaukar kowace irin ƙawa, amma jerin falle-fallen yana tsira.

Ya kamata ɗalibai masu shirya mujallu su riƙa ajiye aikin asali, da kwafi a buɗaɗɗen tsari, da rubutun a takarda dabam. JPEG kuwa a bar shi sai an gama, domin yana haɗe falle-fallen su zama ɗaya, ba kuma sa sake rabuwa.