Gasar Kamfanonin Waya Ta Tsaya A Bakin Kwalta

A cikin watan Janairu na shekarar 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ba kamfanonin wayar salula izinin su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Ninki kamfanonin suka nema, hukuma ta ba su rabi. Hujjar da suka kawo ita ce faɗuwar darajar Naira, da tsadar man dizal da suke zuba wa injinan da ke riƙe da turakun sadarwa, ga shi kuma an shafe fiye da shekara goma ba a taɓa farashin ba. Wannan jarida ba ta da ja a kan hujjar, domin duk mai zuwa kasuwa ya san yadda kaya suka tashi. Amma an haɗa ƙarin da alkawarin cewa aiki zai gyaru, kuma abin da ke tilasta wa ɗan kasuwa cika irin wannan alkawari shi ne tsoron kada mai saye ya bar shi ya koma wurin maƙwabcinsa. To, a yawancin garuruwa da tungayen da ke gaɓar tafkin Kainji a ƙasar Yauri, da Ngaski, da Shanga, wane maƙwabci ne mai saye zai koma wurinsa?

Babu mai musun alherin da gasa ta kawo wa ƙasar nan. Dattawan ma'aikata ba su manta da zamanin Gidan Waya da Tangaraho ba, da kuma kamfanin NITEL wanda ya gaje shi a 1985, lokacin da duk faɗin Nijeriya layukan tarho masu aiki ba su kai rabin miliyan ba. A wancan zamani mutum yakan rubuta takardar neman layi ya yi shekaru yana jira, kuma in D.O. yana da saƙon gaggawa zuwa Sakkwato sai dai a bi ta wayar iska ta 'yan sanda ko a tashi masinja. A watan Janairu na 2001 hukuma ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma cikin watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi ɗaya yakan kai Naira dubu 20 ko fiye, minti ɗaya kuma Naira 50, ko da gaisuwa kawai mutum ya yi ya kashe. An ce wa jama'a lissafin kira da daƙiƙa ba zai yiwu ba sai nan gaba. Ranar da Globacom ya shigo kasuwa a watan Agusta na 2003 da lissafin daƙiƙa, abin da aka ce ba ya yiwuwa sai ga shi ya yiwu ga kowa cikin ɗan lokaci kaɗan. Da Etisalat ya zo a 2008 kamfanoni suka zama huɗu masu ƙarfi, layi ya koma kusan kyauta, a 2013 kuma aka ba mutum damar ya sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Ba tausayi ne ya sauko da farashin ba. Kishiya ce ta shigo gida, uwargida ta gyara tuwo.

Sai dai wannan gasa ta yi ta ƙanƙancewa. Bisa ga ƙididdigar da NCC ta riƙa bugawa a 2025, MTN yana riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar nan, Airtel yana da kimanin kashi ɗaya cikin uku, Glo ya koma baya da nisa, shi kuwa kamfanin da aka sani da Etisalat, daga baya 9mobile, rabonsa bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Wato a takarda huɗu ne, a kasuwa biyu ne ke juya akalar. Wannan ba a Nijeriya kaɗai ya faru ba. A tsibirin Jamaika da ke yankin Karebiyan, kamfanin Cable & Wireless na Ingila ya daɗe yana cin karensa ba babbaka, har Digicel ya shigo a 2001, shekarar da mu ma muka fara, ya karya farashi ya kai waya ƙauyukan da ba a taɓa kai ta ba. Daga baya Claro ya shigo aka yi gasa mai zafi, amma a 2011 Digicel ya saye reshen Claro na ƙasar, kasuwa ta koma hannun manya biyu. Sana'ar sadarwa tana cin jari mai yawa, saboda haka a kullum ƙarami yakan gaji ya bar wa babba fili, in dai hukuma ba ta tsaya da idonta a buɗe ba.

In kuwa gasar ta ragu a Legas da Kano, a bakin tafki ba ta taɓa isowa yadda ya kamata ba. Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kwantagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko da Jega zai ga turakun kamfanoni a jere, kuma a cikin garin Yelwa mutum yana iya zaɓen layin da ya ga dama. Da zarar an sauka daga kwalta aka nufi cikin ƙasar Shanga, ko tungayen masunta da tsibiran Gungawa, sai labari ya sake. A wani wuri layi ɗaya tak ke kamawa, shi ma na kira ne, ba ya ɗaukar intanet. A wani wurin sai an hau tudu ko an nemi gindin wata bishiya da kowa a garin ya sani. Shi ya sa za ka ga talaka da layi biyu ko uku a aljihu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka zaɓi ne ya yi masa yawa, alhali kuwa laluben wanda zai kama yake yi. Mutumin da kamfani ɗaya ne ke isa garinsu, dokar sauya kamfani ta 2013 ba ta amfane shi da komai ba, amma ƙarin kashi 50 ya same shi daidai da mazaunin Abuja.

Dalilin kamfanonin ba ɓoyayye ba ne, kuma ya kamata a faɗe shi da adalci. Kafa turke ɗaya yana bukatar fili, da ƙarfe, da injin wuta, da batura, da mai gadi, da motar da za ta riƙa kai mai kowane wata, da hanyar haɗa shi da sauran turaku. Kuɗin kafa shi a unguwa mai mutum dubu 50 da kafa shi a tungar da ke da gida 200 kusan ɗaya ne, sai dai ma na tungar ya fi tsada saboda wuyar hanya da damina da kuma matsalar tsaro. Ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba jari inda ba zai fita ba. Abin da ke da ciwo a nan shi ne batun wuta. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, tafkin ya cinye gonaki da tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane fiye da dubu 40 daga mazauninsu na kaka da kakanni a ƙasashen Yauri da Bargu, domin ƙasa baki ɗaya ta sami lantarki. Yau fiye da shekara 50 ke nan, amma turken sadarwa da za a kafa a gaɓar wannan ruwa sai ya dogara ga man dizal da aka ɗauko daga nesa. Mutanen da suka ba da ƙasarsu don a haskaka birane, su ne ake ce wa kai musu waya ba ya da riba saboda babu wuta.

Kada wani ya ɗauka maganar ta samari ce masu kallon hotuna a waya. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, kuma rajista da duba sakamako da neman gurbin karatu duk ta intanet ake yi. Ɗalibin da ke ƙauye a Shanga sai ya biya kuɗin mota ko na kwalekwale zuwa Yelwa don aikin da ɗan birni ke yi yana kwance a ɗakinsa. Malamin makaranta da ma'aikacin asibitin karkara albashinsu ta banki yake zuwa, kuma a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin Naira takardun kuɗi suka yi ƙaranci, kowa ya ga yadda ciniki ya tsaya cak a duk kasuwar da na'urar POS ba ta samun sabis. Manomin albasa na ƙasar Yauri, wanda kayansa ke tafiya har kudancin ƙasar nan, da masuncin da ke banda kifi, in ba su san farashin da ake ciki a manyan kasuwanni ba, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi. Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Wara ɗauke da mutane fiye da ɗari, kaɗan ne suka tsira. Ba a yi wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. Ba mu ce waya za ta hana jirgi nutsewa ko ta kori ɗan bindiga ba. Amma a kan ruwa da cikin daji, taimako da mintoci ake auna shi, kuma kiran da bai shiga ba ba ya kawo kowa.

Masu tsara doka sun hango wannan giɓi tun da wuri. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, wato USPF, wanda ake tara masa kuɗi daga harajin da kamfanoni ke biya, domin a tallafa wajen kai sadarwa wuraren da riba ba za ta kai kamfani ba. Fiye da shekara 20 bayan haka, jama'ar masarautar Yauri suna da haƙƙin su san turke nawa asusun ya kafa a Ngaski da Shanga, nawa ne ke aiki, nawa ne kuma ciyawa ta rufe. Wannan tambaya ce da ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya su yi a rubuce, su kuma kawo wa jama'a amsar. Haka nan shirin shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita dubu 90 da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a 2024, da alkawarin kafa dubban turaku a karkara da ya biyo baya. In ba a sa sunayen garuruwan bakin tafki cikin taswirar tun ana zana ta ba, wayar za ta bi kwalta ta wuce kamar yadda na baya suka yi.

A ganinmu, babban magani shi ne a daina jiran kowane kamfani ya kafa nasa turken a kowace tunga, domin ba za su yi ba. Turke ɗaya ya isa, in dai an buɗe shi ga kowa. Tun daga 2014 manyan kamfanonin suka sayar da yawancin turakunsu ga kamfanonin haya irin su IHS da American Tower, saboda haka ba baƙon abu ba ne a ga eriyar kamfani biyu ko uku a kan ƙarfe ɗaya. A watan Maris na 2025 MTN da Airtel suka ƙulla yarjejeniyar amfani da kayan juna, a cikin shekarar kuma NCC ta amince masu layin 9mobile su riƙa hawa sabis ɗin MTN. Tun da an nuna abin yana yiwuwa in kamfanoni suka ga ribarsu a ciki, to hukuma ta mayar da shi sharaɗi a yankunan karkara: duk turken da aka kafa da tallafin kuɗin jama'a, tilas ne kowane layi ya kama a ƙarƙashinsa, a kan kuɗin haya da hukuma ta ƙayyade, kuma a sa masa faifan hasken rana maimakon a jira tankar mai. Ta haka ne masunci zai zaɓi kamfani saboda sauƙin farashi da kyawun aiki, kamfanin da ya yi sakaci kuma ya ji a jikinsa. Sai dai hukuma ta lura, haɗa kai a kan ƙarfe daban ne da haɗa baki a kan farashi, kuma inda manya biyu suka saba zama a inuwa ɗaya tilas a sa musu ido.

Wasu za su ce ai tauraron ɗan'adam ya kawo ƙarshen wannan magana, tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, kuma ba ruwansa da turke ko kwalta. Gaskiya ne ya buɗe ƙofa, amma kuɗin kwanonsa dubban ɗaruruwan Naira ne, ban da na wata-wata, ba abin da masunci zai saya shi kaɗai ba ne. Inda zai yi amfani shi ne makarantar sakandare, da asibiti, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da mashigin jiragen ruwa irin na Zamare da Wara, inda kwano ɗaya zai wadaci mutane da yawa.

Gwamnatin Jihar Kebbi ta yi abin a yaba da ta shiga sahun jihohin da suka yafe kuɗin haƙa hanyar shimfiɗa wayar fayiba, wanda aka taɓa tsayar da shi a kan Naira 145 kowace mita amma jihohi da dama suka riƙa karɓar ninkin-ba-ninki. To amma yafewa kyauta ce, kuma wanda ya yi kyauta yana da bakin tambayar abin da jama'arsa suka samu. Muna kira ga Gwamnati da ta zauna da kamfanonin ta nemi su faɗi, da sunan gari da ranar wata, inda za su kai aiki a kudancin jihar. Ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga su ba da fili ba tare da jeka-ka-dawo ba, su kuma hana ma'aikatansu ƙaƙaba wa turaku harajin da ba ya cikin doka. Majalisar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda shi kansa tsohon shugaban jami'a ne da ya san abin da ɗalibi ke rasawa, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowace tunga da kowane tsibiri. Cikin wata ɗaya za su iya tattara sunayen garuruwan da babu sabis sam, da waɗanda layi ɗaya kawai ke kamawa, da waɗanda ke da kira babu intanet. A miƙa wannan jeri ga NCC da asusun USPF da Majalisar Dokokin Jiha, a aiko wa wannan jarida da kofe, mu kuma za mu buga shi gari bayan gari.