Tazarar haihuwa a Gwarzo da Kabo: kuɗin gida ya kamata ya biya

Duk wanda ya san ranar awon ciki a Babban Asibitin Gwarzo, ko a ƙananan asibitocin Getso da Kutama da Garo da cikin garin Kabo, ya san matar da wannan magana ta shafa. Goyo ne a bayanta wanda bai isa yaye ba, ga ciki ya fito, ga wani na biye yana riƙe da gefen hijabinta. Bahaushe bai taɓa ɗaukar wannan hali abin yabo ba. Sunansa kwanika, wasu su ce rurrutsa, kuma tsofaffin mata sun daɗe suna yi wa ma'aurata faɗa a kansa. Abin da ake jayayya a kai yau shi ne ko ya dace gwamnati ta ɗauki kuɗin jama'a ta sayi allura da ƙwaya da ashanar hannu ta bayar kyauta, alhali cikin masu biyan harajin akwai waɗanda suke ganin abin ya saɓa wa addininsu. A ganina ya dace, kuma gwamnatin Kano ce ya kamata ta biya daga aljihunta, ta daina jiran baƙi su biya mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin dubu 82 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka yi irin wannan mutuwa a duniya a shekarar. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne a kowane ƙauye: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, ƙarancin jini. Haɗarin yana ƙaruwa ga wadda ta yi haihuwa da yawa kusa da kusa, domin jikin da bai mayar da jinin da ya zubar ba shi ne ake sake ɗora wa kaya. Shi ya sa masanan hukumar suka ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, macen Kano tana haihuwa sau shida da rabi a matsakaicin lissafi, kuma matan aure masu amfani da hanyoyin tazara na asibiti ba su wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Gwarzo tana da nisan kusan kilomita 70 daga birnin Kano. Idan jini ya ɓalle wa mace cikin dare a wani ƙauye na bayan Lakwaya, kafin a samu mota, a samu jini, a samu likita, sau da yawa mai afkuwa ta riga ta afku. Cikin da aka jinkirta har jiki ya huta yana rage yawan irin waɗannan darare, kuma kuɗinsa bai kai na ledar jini ɗaya ba.

Masu adawa ta fuskar addini ba maganar banza suke yi ba, kuma duk wanda ya raina hujjarsu ya riga ya rasa masu saurarensa. Suna tuna mana cewa Alƙur'ani, a Suratul Isra'i, ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, ya kuma jingina arzikinsu ga Allah. Suna kawo hadisin da ya kwaɗaitar da yawan zuriya, da wanda ya zo a Sahihu Muslim yana kamanta azalu, wato zubar da maniyyi a waje, da binne jariri a ɓoye, kuma a kansa ne Ibnu Hazmi ya dogara ya haramta shi. Sai dai mafi yawan malaman mazhabobi huɗu ba su tafi a kan haka ba, saboda hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya nuna sahabbai suna yin azalu a zamanin da wahayi ke sauka ba a hana su ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta idan matar ta yarda, kuma wannan sharaɗi yana cikin Muwaɗɗa. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa kiyaye lafiyar mace cikin dalilan da aka yarda da su. Suratul Baƙara kuwa ta ambaci shekara biyu cur na shayarwa, adadin da ya zo kusan daidai da abin da likitoci ke faɗa yau.

Hukuncin da ya fi dacewa da tambayarmu shi ne na Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disambar 1988. Ta ce bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba. Ta haramta kashe ƙwayar haihuwa baki ɗaya sai da lalurar da shari'a ta yarda da ita. Sannan ta halatta jinkirta ciki na ɗan lokaci don a samu tazara, matuƙar miji da mata sun yi shawara sun yarda, babu cutarwa, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Wannan ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, ƙayyade iyali da tazarar haihuwa. Na farko malamai sun rufe wa gwamnati ƙofarsa, kuma ni ma ina tare da su. Na biyu halal ne ga ma'aurata, kuma ban san wata ƙa'ida da ta hana baitulmali sauƙaƙa wa talaka abin da yake halal, mai kare rai, ba. A nan ne nake ganin 'yan boko masu kiran tazara suka yi wa kansu illa. Sun daɗe suna buɗe magana da yawan jama'a da talauci da almajirai, wato daidai ƙofar da ayar tsoron talauci take tsaye. Da sun fara da lafiyar uwa da haƙƙin mai shan nono, da sun tarar malamai sun riga su isa wurin.

Kakanninmu ma sun riga su. Tafiya wankan jego gidan iyaye, da doguwar shayarwa, da ƙauracewar miji har a yi yaye, duk dabarun tazara ne, haka nan guru da laya da rubutun da ungozoma ko malam ke bayarwa don ciki ya dakata. Abin da ya canza shi ne zaman gandu ya ragu, mace tana komawa ɗakinta bayan arba'in, wani lokaci ma ba ta tafi ko'ina ba, tsohuwar katangar ta faɗi ba a gina wata ba.

Amma in za a faɗi gaskiya, abin da ke damun mutumin Gwarzo da na Kabo ya wuce fiƙihu. Zargi ne, kuma zargin yana da tushe. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta fito da manufar yawan jama'a mai burin 'ya'ya huɗu ga kowace mace, abin da ya sa har yau kalmar tsarin iyali take wa mutane ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa yara kimanin 200, yara 11 cikin waɗanda gwajin ya shafa suka rasu, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. A 2003 jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ta sa Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, kuma yara da yawa sun shanye saboda ita, amma tambayar da ta haife ta tana nan a bakin mutane: me ya sa maganin zazzaɓi sai ka saya, wannan kuwa ana kawo shi kyauta daga ƙasashen waje? Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, amma kaso mai yawa na kuɗin daga masu ba da tallafi na waje ya riƙa fitowa, musamman hukumar USAID ta Amurka da asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2025 gwamnatin Trump ta rushe USAID ta kuma janye kuɗinta daga UNFPA, a shekarar da kasafin tarayya na wannan fanni ya faɗo daga sama da naira biliyan 2 zuwa kimanin miliyan 66. Wanda yake tsoron manufar baƙi shi ya fi kowa cancantar ya goyi bayan kuɗin gida. Abin da Majalisar Dokokin Kano ta amince da kuɗinsa, hukumar NAFDAC ta tantance, 'yar garin da kowa ya san gidansu take bayarwa, ana iya bin diddiginsa, ana iya tuhumar wanda ya sayo shi. Darasin 2004 ke nan, inda sauya hannun da maganin ya fito ya taimaka wajen kwantar da hankalin jama'a.

Saura mai cewa: na ji, amma kada a sa kuɗina a abin da zuciyata ba ta natsu da shi ba. Wannan ce muhawarar da Amurka ta daɗe tana yi, har Kotun Ƙolinta a shari'ar Hobby Lobby ta 2014 ta yarda wasu kamfanoni su ƙi biya wa ma'aikatansu wasu magungunan hana ɗaukar ciki saboda imanin masu kamfanin. Cocin Katolika ma a 1968 ta jaddada haramcin hanyoyin zamani, kuma tana da mabiya a Kano. To amma a shari'ar Amurkan ana maganar tilasta wa wani mutum takamaimai ya biya da hannunsa ne. Baitulmali daban yake. Da za a ce kowa ya cire kasonsa daga abin da bai gamsu da shi ba, da ba a gina makarantar boko ba, da ba a yi rigakafi ba. Haƙƙin mai wannan ra'ayi shi ne kada a tilasta wa iyalinsa, kada kuma a tilasta wa ma'aikaciyar lafiya mai irin ra'ayinsa ta yi aikin da hannunta. Haƙƙinsa bai kai ya hana maƙwabcinsa abin da malamai suka halatta masa ba. Sannan gwamnatin Kano ba baƙuwa ba ce a harkar iyali. Tun 2012 take aurar da zawarawa ta hannun Hisba, a Oktoban 2023 ta ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800 da kuɗin jama'a, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Gwamnatin da ta saya wa amarya gado da katifa, bai kamata ta juya baya ba idan amaryar nan ta dawo da haihuwa uku cikin shekara huɗu, jininta ya ƙare.

Kuma janye kuɗin gwamnati ba ya hana tazara, sai dai ya zaɓi wanda zai same ta. Matar ma'aikaci ko ta ɗan kasuwa za ta hau mota ta je asibitin kuɗi a birni. Matar manomin da ke jiran kaka ita za a ce wa kaya sun ƙare, ta koma kemis a yi mata allurar da ba a auna hawan jininta ba, ko ta sha haɗin da ba wanda ya san abin da ke ciki.

Goyon bayan da nake bayarwa yana da sharuɗɗa, domin akwai koke-koke na gaskiya. Allura da ashana sukan rikita wa wasu mata jinin al'ada, kuma ga mace mai salla da azumi wannan ba ƙaramar damuwa ba ce. Dole a gaya mata haka tun kafin a yi mata, a kuma tanadi wanda za ta koma wurinsa. Cire ashana ya zama kyauta kuma a duk ranar da ta nema, don idan sawa kyauta ce cirewa kuwa sai da kuɗi, an shiga ƙayyadewar da aka hana ta bayan gida. Kada a ɗora wa ma'aikata adadin matan da za su kawo a wata. Maigida kuma a shigo da shi tun farko, saboda yawancin rigimar tana tashi ne ranar da miji ya gano abin da aka yi a ɓoye. A jihar Damagaram ta Nijar an gwada makarantar magidanta, inda mazan gari ke zama su tattauna lafiyar matansu tare da ma'aikatan asibiti, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu jihohin ƙasar. Majalisun ƙofar gida da masallatan unguwa na Gwarzo da Kabo za su iya ɗaukar irin wannan zama ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba. Inda likita ya tabbatar wani cikin zai iya kashe mace, nan kam limami da mai unguwa su taya ta shawo kan mijin, domin shari'a ba ta ba kowa ikon jefa ran wani cikin halaka ba. Masu tsoron abin zai buɗe ƙofar lalata kuwa su dubi layin awo da kyau: matan aure ne masu goyo, kuma wanda ya yi niyyar ɓarna ba asibitin gwamnati mai rajista da idon jama'a yake zuwa ba.

Akwai masu cewa asibitin da ba shi da isassun ungozomomi da jini da wutar lantarki, ba tazara ce matsalarsa ta farko ba. Ban musa ba, kuma da gwamnati ta cika rumbun da maganin zazzaɓi da na tsayar da jini kamar yadda ake son ta cika shi da allurar tazara, da rabin zargin ya mutu da kansa. Saboda haka a haɗa su cikin shirin kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta da jihar ta riga ta ɗauka, a layi ɗaya, a kanta ɗaya. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da dubu 180, Kabo sama da dubu 150, kuma kowa ya san an ninka kusan haka yanzu. Kowace daga cikinsu tana da ɗan majalisa a Majalisar Dokokin Jiha. Idan kwamishinan lafiya ya zo kare kasafin kuɗi, su tambaye shi nawa aka ware wa tazarar haihuwa, nawa aka saki a zahiri, kuma kwali nawa ne ya isa Getso da Garo.