A shiga ƙungiya, amma a ƙirga kuɗin a gaban kowa

Tun da gwamnati ta zabge kimanin kashi 35 cikin ɗari na farashin siminti a tsakiyar watan Oktoban 2024, babu majalisar da ba a yi zancen ba a Maraɗi. Dillalin siminti ya san inda zai kai kukansa in ribarsa ta ja baya. Masu manyan motoci suna da sandikarsu. Manyan 'yan kwangila suna da Cibiyar Kasuwanci da Masana'antu, kuma in sun buga waya ana ɗauka. Wanda har yau ba mu ji ta bakinsa ba shi ne mutumin da zai kwaɓa simintin, ya buga bulo, ya hau tsani da rana tsaka: magini, kafinta, mai walda, mai jan wayar wuta, mai fenti. Su ne za su tada gidajen da ruwan Juma'ar 30 ga Agustan 2024 ya kwantar, ruwan da ya ci rayukan aƙalla mutum 15 a birnin nan. Ga rani ya shigo, aikin gini ya kankama, kuma kowane ɗayansu zai tunkari mai gida shi kaɗai, da nasa cinikin, da nasa tsautsayin.

Matsayin wannan jarida a fili yake. Duk mai sana'ar hannu da ke cin gashin kansa, daga Bagalam zuwa Ali Ɗan Sofo, daga Tsibiri zuwa Jiratawa, ya shiga ƙungiyar sana'arsa, inda babu ita kuma a kafa. Sharaɗinmu ɗaya ne, kuma ba za mu gaji da maimaita shi ba: a ƙirga kuɗin ƙungiya a gaban kowa.

Ba sai mun gaya wa mutanen Maraɗi halin da magini yake ciki ba. An yi ciniki da baki a bakin fili, an ba shi kafin alƙalami wanda ko kuɗin leburori na mako guda bai kai ba. Ya gama aiki, an sa ƙofa, iyali sun tare. Daga nan sai sintiri: Alhaji ya yi tafiya, Alhaji yana barci, ka dawo bayan Juma'a. Babu takarda, babu shaida, in ya ɗaga murya a ce ba shi da kunya, kuma aikin gaba ya wuce shi. In ya yanka farashin da zai ci da iyalinsa, akwai wani a bayansa da zai karɓa da rabi, domin bayan ambaliya duk wanda ya mallaki cokalin gini da igiya ya zama magini. Mai gida ya ga araha ya yi murna, a miƙe buhun siminti guda ya yi aikin buhu biyu, sannan a zauna jiran daminar baɗi ta yi alƙalanci. In kuwa magini ya faɗo daga saman gini ya karya ƙugu, asusun kula da ma'aikata na CNSS bai san da zamansa ba, domin an gina shi ne a kan ma'aikaci mai albashi da ubangidan da ya yi masa rajista. Abin da ya rage masa shi ne mai ɗori da taimakon dangi.

A aikin hukuma abin ya fi muni. Kafin a buɗe ambulan ɗinka a neman kwangila, sai ka nuna rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF, shaidar biyan haraji, shaidar CNSS, da lamunin banki. Wane kafinta ne a Sabon Gari zai haɗa waɗannan shi kaɗai? Don haka mai takarda ne ke cin kwangila, ya cire kasonsa, ya miƙa wa wani, shi ma ya cire nasa, kafin aikin ya iso hannun wanda zai yi shi an riga an side romon. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Ba mu manta da Maraɗi Kwalliya ba, lokacin da birnin nan ya karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2015. An yi tituna, an yi gine-gine, gari ya yi kyau, ba mu musa ba. Amma muna so a nuna mana maginan garin nan nawa ne suka fita daga wannan hidima da injin buga bulo nasu na kansu, ko da takardar da za su nuna gobe su ce mu muka yi wancan. Haka kuma bayan gobarar Nuwamban 2021 da ta cinye yara 26 a azuzuwan zana, aka yi alkawarin maye zana da bulo. Aji ɗaya ko biyu ba aikin da ya fi ƙarfin maginan Tsibiri ba ne. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne takardun, kuma takardun nan mutum ashirin da suka yi rajista da suna ɗaya suna iya mallakarsu.

Sai kuma abin da ya faru a 2023. Da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina, aka rufe iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya har zuwa Maris na 2024. Mai walda ya wuni yana kallon injinsa. Kwano, ƙarfe da fenti suka yi tsada, masu gini suka dakata, leburori suka watse. Wannan ne karo na biyu cikin shekaru kaɗan, domin rufewar Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba ta gama fita daga jikin mutane ba. Da aka zo lissafin asara, an ji ta 'yan kasuwa, an ji ta masu sufuri, domin suna da bakin magana. Wa ya ƙirga ranakun da mai walda ya koma gida hannu rabbana? Babu wanda ya hana shi magana. Hukuma dai ba ta zama da mutum dubu ɗaya bayan ɗaya, wakili take nema, shi kuma ba shi da shi.

Mun san amsar da za a ba mu, cewa an sha kafa ƙungiyoyin da ba su wuce kati, hatimi da babbar rigar shugaba ba, kuma rajista hanya ce ta kai kai gaban mai karɓar haraji. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai mai karɓar patanti ya riga ya san ƙofar kowane shago ko da kati ko babu, kuma ƙungiyar da aka cinye, an cinye ta ne domin masu ita sun biya kuɗi sun juya baya, ba su taɓa cewa a kawo littafi mu gani ba.

Abin takaicin shi ne maganin wannan cuta a jihar nan aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. Matan karkara, akasarinsu ba su taɓa zama a aji ba, suka riƙa zubi duk mako, suna ba juna rance, suna ware ɗan abin taimakon wadda haihuwa ko rashin lafiya ta sama. Tsarin ya tsallaka iyaka, yau ana bin sa a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ƙarfinsa bai wuce abu ɗaya ba: ana buɗe akwati a gaban taro, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, mai ajiyar akwati daban, masu riƙe mabuɗi daban. Idan iyayenmu mata sun riƙe wannan amana fiye da shekara talatin, wane uzuri ya rage wa maza masu awo da ma'auni, masu lissafin bulo ɗari biyar da ka? A Jiratawa ma darasin yana nan a fili. Tun farkon shekarun 1980 manoman fadamar da hukumar ONAHA ke kula da ita suke noman rani da ruwan rijiyoyin burtsatse. Babu manomi ɗaya da zai iya ɗaukar kuɗin wutar famfo da gyaransa, sai da haɗin gwiwa. Ba a rasa gardama kan kuɗin ruwa, amma zogalen Jiratawa yana isa kasuwa. Maginin da ke zaune a garin yana ganin wannan kullum, sannan ya ce shi ƙungiya ba ta da amfani.

Kuma kada wani ya ce mana baƙon abu ne daga Turai. Fadar Katsinar Maraɗi da fadar Gobir a Tsibiri sun san sarautun sana'a tun kafin zuwan Nasara. Ƙasar Hausa ta san Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska da Sarkin Magina. Su ke sanin wanda ya ƙware da wanda yake koyo, su ke raba rigima tsakanin mai aiki da mai kaya, su ke tara ma'aikata in babban aiki ya taso. Da Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945 aka hau tudu, hannun masu sana'ar garin nan ne ya gina sabuwar Maraɗi. Mun bar wancan tsari ya zama na hawan salla kawai, na zamani kuma mun bar shi a takarda.

A takarda kam ba mu da talauci. Tun 2012 aka kafa CMANI, majalisar masu sana'o'in hannu ta Nijar. A 2014 ƙungiyar UEMOA ta amince da kundin dokar sana'o'in hannu na bai ɗaya, wanda ya tanadi rajistar masu sana'a. Akwai tarayyar masu sana'o'in hannu ta ƙasa, FNAN. Akwai asusun FAFPA, wanda aka kafa domin horo da koyon sana'a. Fiye da shekara goma ke nan da kafa majalisar CMANI. Muna tambayar shugabanninta na jiha, cikin girmamawa: magina nawa ne a Tsibiri suka san ƙofar ofishinku? Sau nawa kuka sauka wurin da ake buga bulo kuka yi bayani da Hausa? Sana'ar hannu ba ta tsaya ga jaka da takalmin fata da ake kai wa baje koli a Yamai ba. Mai ɗaura ƙarfen dakali ma ɗan gida ne.

Ƙungiyar da muke kira a shiga tana da aikin da za a auna ta da shi kafin damina ta dawo. Ta fitar da mafi ƙarancin kuɗin hannu na aikin da aka saba, ɗora bulo, yaɓe, rufin kwano, ta manna a inda kowa zai gani, domin ɗan'uwa ya daina karya ɗan'uwa. Ta buga takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da boko da ajami, mai ɗauke da farashi, wa'adi, rabon biya da shaidu biyu. Addininmu ma ya yi umarni da rubuta bashi, don haka babu mai gidan da zai ce an raina shi. Ta naɗa dattawa uku da za su bi haƙƙin ɗanta in an danne, su kuma tsawata masa in shi ne ya ci kafin alƙalami ya gudu, domin mun san wannan ma yana faruwa, kuma shi ya sa mutane ke ɗari-ɗari da masu sana'a. Ta ware asusun jinya na wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ta ba yaron da ya gama koyo shaida, domin a bambanta gwani da ɗan tsakar rana. Duk wannan kuɗi yake ci, kuma kuɗin daga aljihun talaka zai fito, jika ɗaya ɗaya. Don haka muke sake cewa a ƙirga shi a gaban kowa, duk wata, da baki da rubutu. Shugaba ya yi wa'adinsa ya sauka. Ma'aji kada ya zama ƙanen shugaba ko surukinsa. Ranar da aka ce littafi yana gida an manto shi, ranar ce ya kamata a ƙi watsewa sai an ɗauko.

Hukuma ma tana da nata kason. Tun da aka rusa majalisun da aka zaɓa a Afrilun 2024, kantomomi ne ke riƙe da birnin Maraɗi da sauran ƙananan hukumomi, kuma ba su da kansilan da za su laɓe a bayansa. Su rarraba ƙananan ayyuka, aji, masai, katangar asibiti, kwalbati, gyaran rumfunan kasuwa, zuwa kason da ƙungiyar masu sana'a mai rajista za ta iya nema kai tsaye. Su manna sunan wanda ya ci kowane aiki da kuɗinsa a ƙofar ma'aikata. Su biya a kan lokaci, domin babban kamfani yana iya jiran wata shida, magini ba ya iya jiran mako biyu. Kuma su bar ƙungiyoyin su zaɓi shugabanninsu da kansu. Mun ga zamanin da ake tuna masu sana'a sai ranar tarbar baƙo, a jera su a bakin titi da tuta, a sallame su da kuɗin shayi. Mun gaji da ganin haka.

Ga layin dogo daga Kano, mai tsawon kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, yana nufo mu. Duk ranar da ya iso za a buƙaci tasha, ɗakunan ajiya, shaguna da gidaje, kuma masu takardu daga nesa sun riga sun fara lissafi. Maginan Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa suna da wannan rani su zauna, su yi rajista, su zaɓi mutanen da za su iya tuhuma. Wanda aka zo masa da kati ya karɓa, ya biya, sannan ya tambayi ranar taro da wanda ke riƙe da mabuɗi. In an kasa ba shi amsa, ya tara 'yan'uwansa su canza shugabannin.