Masu rangadin fodkas: hoto a Ƙofar Doka ba zuwa Zariya ba ne

1/ Masu fodkas na Arewa, yau da ku nake, kuma maganar ba mai daɗi ba ce. Wannan sabon yayi na "za mu zagaya gari-gari mu yi shiri a gaban jama'a", in dai yadda ake tsara shi yanzu za ku kawo mana shi Zariya, gara ku yi zamanku a ɗaki da makirfonku. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Ga wanda bai gane ba: fodkas hira ce da ake naɗa a ɗora a intanet, ka saurara sanda ka ga dama. Rangadin kuma shi ne masu shirin su kwaso kujerunsu su hau dandamali, a yanki tikiti, a zo a kalle su suna hirar ido da ido.

3/ A waje abin ya zama sana'a babba. A 2024 masu The Rest Is Politics, Alastair Campbell da Rory Stewart, sun yi nasu a O2 na Landan, wurin da ke cin mutum wajen 20,000. Dattawa biyu a kujera suna hirar siyasa, shi ke nan fa. A nan gida, FK Abudu da Jola Ayeye na I Said What I Said sun yi a Legas, sun kai shi har Landan.

4/ Ba ni da rigima da waɗannan. Sun san masu sauraronsu, sun san nauyin aljihunsu, sun yi shekaru suna tara su. Rigimata da wanda zai kwafo tsarin Legas ɗungurungum ya dire mana shi, ko gishiri bai ƙara ba. Kowane tsuntsu ai kukan gidansu yake yi.

5/ Tsarin kun san shi. Ɗakin taron otal. Tikiti kala uku, har da teburin manya. Jan kafet. Da rana a shigo da mota mai baƙin gilas, a tsaya Ƙofar Doka a yi hoto, a ƙarasa ƙofar Fada a yi wani, a rubuta "Zazzau mun iso". Kafin La'asar an juya GRA ko Samaru.

6/ To bari in yi muku karatun taswira kyauta. Samaru, inda babbar harabar ABU take, tana ƙaramar hukumar Sabon Gari. Birni yana ƙaramar hukumar Zariya. Daga can zuwa nan sai ka bi Kwangila, ka wuce PZ, ka ratsa Tudun Wada, sannan ka ga Ƙofar Doka. Sama da kilomita 10. Kullum nake bin hanyar zuwa lakca, na san kuɗin motarta.

7/ A bayan ƙofar nan akwai Kwarbai, Anguwan Juma, Limancin Kona, Kaura, Babban Dodo, Banzazzau, Rimin Tsiwa. Mutane ne cike, da waya a hannunsu, da data da suke saya da guminsu suna kallon ku. Su ne lambobin da kuke nuna wa kamfanoni ku karɓi talla. Amma ranar haɗuwa sai ganuwarsu ta zama bangon hoto, su kuma ko oho.

8/ Mu zo kan kuɗi. A ce tikiti mafi araha N10,000 ne. Ɗalibin da ke karɓar alawus ɗin NELFUND N20,000 ake ba shi a wata. Rabi ya tafi a dare ɗaya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 N70,000 ne, kashi ɗaya cikin bakwai ke nan. Ba a sa kuɗin Keke zuwa da dawowa ba.

9/ Kuma wannan mutumin ya riga ya biya ku sau ɗaya. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, duk awa ɗaya da ya yi yana kallon ku a YouTube kuɗin koko da ƙosansa ne. Yanzu kuma ya sake biya don ya gan ku daga kujerar baya?

10/ Sai lokaci. A fara ƙarfe 7 na dare, wanda a agogonmu 8:30 ke nan, a tashi 11. Don Allah wace budurwa ce a cikin birni za ta ce wa Baba "zan je otal kallon fodkas, sai sha ɗaya zan dawo"? Ita ce fa ta fi kowa sauraron ku, tana wanke-wanke da abin ji a kunne. Da kuka zaɓi wannan lokacin kun sallame ta tun kafin a buga fosta.

11/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake magana kamar yau aka ƙirƙiro zama a gaban jama'a a yi zance. A Zariya? Haba.

12/ A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Ku dubi sunan da kyau, farashin na ciki: kwabo. Mutum ɗaya mai karatu zai saya, ya zauna a zaure ko gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, waɗanda ba su iya boko ba su kewaye shi. A yi musu, a yi gardama, wani ya sa a rubuta masa wasiƙa zuwa ga edita, a buga.

13/ Ku faɗa mini bambancin wannan da abin da kuke kira shiri kai tsaye, ban da fitila mai launi.

14/ Aliyu Namangi, makaho, mutumin ƙasar Zazzau, ya yi Imfiraji. Babu sitidiyo, babu intanet. Makafi suka haddace ta suka yi ta yawo da ita ƙofa-ƙofa, gari-gari, har ta zama kusan babu Bahaushen da bai taɓa jin wani yanki nata ba. Wanda ya ji daɗi ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wanda ba shi da shi ma ya ji, ba a toshe masa kunne ba.

15/ Tashe fa? Daga goma ga azumi yara da samari na bin gida-gida suna kwaikwayon marowaci, da malamin tsibbu, da miji mai faɗa. Wasan ne ke zuwa wurin mai kallo. Mu a nan haka muka gada: mai magana ne ke taka sayyada ya je inda mutane suke.

16/ In kun ce wannan duk tsohon zance ne, ga na 'yan boko irinmu. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na ABU, irin su Michael Etherton, Brian Crow da Salihu Bappa, sun fita daga harabar jami'a suka kai wasa Soba, Maska da Bomo, da Hausa, kan matsalolin manoma.

17/ Ga inda darasin yake. Da farko sukan je su ji koken mutane, su koma makaranta su shirya wasa, su dawo su nuna. Sai suka lura wannan bai wadatar ba, don mutanen gari na zaune ne kawai ana ba su labarin kansu. Suka sauya salo, aka riƙa shirya wasan tare da mutanen, su shiga ciki, su ce "a'a, ba haka ake mana ba". Wannan aiki ya sa sunan ABU ya zagaya duniya a fagen wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma.

18/ Sama da shekara 40 ke nan da aka gano haka a Samaru. Ku kuma a yau za ku zo ku yi awa biyu kuna hira da junanku, kuna dariyar barkwancin da ku kaɗai kuka gane, sannan a ce "saura minti goma, tambaya uku kawai za mu ɗauka". Ukun ma daga teburin manya.

19/ Ko BBC Hausa, da duk girmanta tun 1957, da ta tashi yin BBC Hausa a Karkara ƙauyuka ta shiga ta miƙa wa mutane makirfo. Ita da ke da London a bayanta ba ta ji ƙyashin zama a tabarma ba.

20/ In hirarku kawai nake so, ina da ita a waya, kyauta, har ina iya gudu da ita in kun fara surutu. Dalili ɗaya da zai sa in bar gida shi ne in ce muku "ban yarda ba" ku ji, ku amsa, mutane su yi mana alƙalanci. In babu wannan me na saya?

21/ Harshe kuma. Shiri da sunan Hausa, amma jimla ɗaya Hausa uku Turanci. A Samaru zai wuce. A gaban tela mai ɗinkin babbar riga da allura, wanda ya fi ku sanin yadda tsadar zare ta kashe kasuwa, wannan rufe ƙofa ne da sakata.

22/ Kuma Kanawa, na san ku. Kar ku hau dandamali ku ɓata minti ashirin kuna kwaikwayon "riga na" da "mota na". Wasan da ke tsakaninmu da ku daɗaɗɗe ne, mun yarda, za mu rama ma. Amma ba shi muka biya kuɗi mu ji ba 😒

23/ Yanzu ga babbar maganar, wadda saboda ita na buɗe zaren nan. A ce kun ji shawara, kun shigo birni, kun miƙa makirfo. Kyamara na kunne. Me za ku yi da abin da mutane suka faɗa?

24/ Birni ba Abuja ba ne inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. A nan kafin ka gama faɗin sunanka an san gidanku, an san kakanka, an san wanda ke neman ƙanwarka. Yarinya ta miƙe cikin zafin taro, ana tafi, ta faɗi ra'ayinta kan lefe ko kishiya ko auren dole. Minti uku ta yi tana bayani mai hankali.

25/ Ku kuma ku yanko daƙiƙa 20 mafi zafi, ku ɗora a TikTok da rubutu ja: "Ku ji abin da 'yar Zariya ta ce". Kafin Asuba ya shiga duk wani guruf na WhatsApp na dangi. Gwaggo ta gani. Iyayen saurayi sun gani. Wani mai wa'azin Facebook ya samu abin yi na sati.

26/ Ku kun kama hanyar Kaduna da sababbin mabiya. Ita za ta kwana a gidan, ta bi layin nan gobe, ta je Islamiyya jibi. Wa zai biya wannan?

27/ Kar ku ce "ai ita ta miƙe da kanta". Yarda ta yi magana a gaban mutum 200 daban, yarda duniya ta gan ta har abada daban. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma neman izini na cikinta. Ko babu doka ma, ai akwai kunya. A sanar tun farko ana ɗauka. A ware gefen da kyamara ba ta haskawa. Mai so a ji muryarsa ban da fuska, a yi masa haka. Wanda ya dawo bayan taro ya ce a cire nasa, a cire ba tare da jan rai ba.

28/ Na san amsarku: "Malam, wa zai biya ɗakin taro, janareta, lasifika, man mota?" Tambaya ce ta gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ko zuwa Kaduna sai ka yi lissafi. Ban ce ku yi aikin banza ba, sana'a ce, ku ci abinci.

29/ Amma rabin kuɗin da kuke kuka da shi na ƙawa ne. Ku cire jan kafet da hayar otal da fitilu masu juyawa ku ga abin da ya rage. Akwai makarantu a cikin birni masu fili da ɗakin taro. Tsakanin La'asar da Magariba rana na ba da haske kyauta, mata na iya zuwa, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Masu hali su yanki tikiti mai tsada a gaba in suna so, kuɗinsu ya ɗauke na baya. Mawaƙanmu haka suka rayu: mai kuɗi ya yi liƙi, talaka ya sha kiɗa.

30/ Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku rufe giɓin da kuɗin ɗan siyasa. Ranar da "Honorabul" ya ɗauki nauyin taro, ranar tambayar ruwan famfo ta mutu. Baki in ya ci, ido kunya yake ji. Gara mai shagon waya ko mai gidan burodi ya sa tallarsa, shi ba ya tsoron tambaya.

31/ Kuma akwai abin tattaunawa, wallahi har ya yi yawa. Unguwannin da har yau 'yan garuwa ne hukumar ruwansu. Ganuwar da ake cinyewa da gini da ɗibar ƙasa muna kallo. Matan da ke ɗinkin hannu a cikin gida, dillali ya fi su cin riba. Masu digiri da ke tuƙa Keke. Ba sai an sake mana "wa ya kamata ya fara kira, saurayi ko budurwa" karo na ɗari ba.

32/ Abu ɗaya kuma, don kar ku sha mamaki: a birni ba a kafa lasifika haka kawai. Akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai limamin masallacin da ke kusa, akwai 'yan sanda. Ku zo kwana biyu kafin ranar, ku samu samarin unguwa su shige muku gaba, ku cire takalmi ku gaisa. Su za su faɗa muku ranar da ba a taro da maganar da ba a yi da lasifika.

33/ Masu cewa a ƙasan zaren nan "to kai ka yi naka mana": ina da jarabawa sati mai zuwa, kuma mai cin tuwo ba sai ya iya tuƙi ba kafin ya ce da gudaji. Wanda ya shirya shigowa da gaske ya yi magana, akwai ɗalibai 'yan birni da yawa a Samaru da Kongo da za su raka shi gidan mai unguwa.