Kafin ka zagi manhajar

Duk ƙarshen Oktoba, da gasar CQ World Wide ta kankama, sai ka ji masu rediyon sha'awa suna tsine wa manhajar N1MM Logger+, wai ta daina jin rediyo. Ni kam ban cika ganin laifinta ba. Galibi ramin USB aka canja, Windows ta sauya lambar COM, ko kuma ƙarfin siginar da mutum ke watsawa ne ya bi waya ya rikita kwamfuta, abin da zoben ferrite ke magancewa. Ga agogo kuma: gasar awa 48 ce cur bisa UTC, in lokacinka ya karkace, fayil ɗin Cabrillo da za ka miƙa wa masu shirya gasar ya ɓaci. Malam, gwada kayanka tun ana saura mako guda.