Gona ko makarantar katun: lissafin da na yi wa wani uba

Bayan an gama girbin gero, wata Juma'a da la'asar, wani dattijo daga wani ƙauye na yankin Dungas ya yi mini sallama a gida nan Magarya. Na san shi, domin ɗansa ya yi shekara biyu a ajina lokacin da nake koyarwa a can. Yaro ne da kullum bayan kayensa ke cike da zanen raƙuma da ƴan kokawa, har na sha ƙwace bik daga hannunsa. Yanzu ya ci bak, yana zaune a gida. Da muka gama gaisawa, muka taɓa zancen iyali da amfanin gona, sai dattijon ya gyara zama ya ce: "Mushe, ɗanka ne ya zo mini da maganar da ta fi ƙarfin kaina. Wai akwai makaranta a cikin salula, inda masu yin fim ɗin katun na Amurka ke koyar da mutum yana zaune a ɗakinsa. So yake in sayar da gonar fadama in biya masa. Kai ka san boko. Ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah."

Na ce, "Baba, ba ni mako guda." Abin da na tattara a makon nan shi nake so in ajiye a gaban malamai ƴan'uwana da iyaye, don na tabbata ba shi kaɗai za a zo wa da irin wannan magana ba.

Makarantar ba ƙarya ba ce. Wadda yaron ya gani sunanta Animation Mentor, kuma tun 2005 take. Mutum uku suka kafa ta a California: Bobby Beck da Carlos Baena, waɗanda suka yi aiki a kamfanin Pixar, da Shawn Kelly na kamfanin ILM. Karatun zango shida ne, kowane zango mako 12, wato shekara ɗaya da rabi. Akwai irinta, kamar AnimSchool da iAnimate. Tsarinsu kusan ɗaya ne: a ba ɗalibi aiki duk mako, ya aika, wani gwani da ke cikin sana'ar ya duba ya mayar masa da gyara, sannan a haɗu ta bidiyo a yi tambaya da amsa.

To me ake koyo? Da yawanmu mun ɗauka iya zane ne. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, ido ya haɗa su ya ga motsi. A irin katun ɗin da ake yi yanzu da kwamfuta, mai wannan aikin sau da yawa ba ya ma zana komai. Ana ba shi ɗan mutum-mutumi a cikin na'ura mai gaɓoɓi kamar na ƴar tsana, shi kuma ya tsara yadda zai ɗaga ƙafa, yadda zai juya wuya, inda zai dakata. Aikin farko da ake ba kowa shi ne ƙwallo da ke faɗowa tana tsalle. Abin dariya ne a ji, amma a nan ake gane ko mutum ya fahimci nauyi. Ku tuna mace a bakin rijiya za ta ɗauki tulu cike da ruwa. Kafin tulun ya bar ƙasa ta riga ta durƙusa, ta gyara gammo, ta ja numfashi, kuma da ya hau kai tafiyarta ta canza. Duk mun san wannan da ido. Wanda ya kasa saka shi cikin motsi, mai kallo zai ji kamar tulun kwali ne, ko da bai san dalili ba. Matsalar kuwa ita ce mai koyo ba ya ganin kuskurensa. Ya kalli abu sau ɗari, idonsa ya saba. Sai wanda ya riga shi ya tsayar da hoton, ya ja layi a kan ƙugu, ya ce nan ne nauyin ya kamata ya koma.

Wannan idon shi ake sayarwa, kuma mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Dukawan Damagaram ba a littafi suka koyi ɗinkin fata ba. Almajiri na iya riƙe allo yini guda yana maimaita kuskure ɗaya, sai ya zo gaban malam a ce masa koma. Ni kaina a makarantar horon malamai, abin da ya fi zauna mini ba darussan aji ba ne, ranar da wani tsohon malami ya zauna a bayan ajin da nake gwaji ne, ya ce mini ina magana da allo na bar yara a baya. Saboda haka ban ga laifin yaron ba da ya yi sha'awar abin. Ya gane abin da yake nema.

Sai lissafi. Kuɗin zango ɗaya a wannan makaranta yana wajen dalar Amurka 2,500, zango shida kuwa wajen 15,000. A nan sai da na tsaya na yi wa dattijon bayani, don shi da ya ji "dala" sai ya ɗauka tamu ce ta sefa biyar, har fuskarsa ta saki. Idan aka juya kuɗin, ana maganar sefa miliyan 8 zuwa 9, gwargwadon canjin ranar. Malamin firamare ɗan kwantiragi da ke karɓar jika 75 a wata sai ya yi shekara tara da ɗoriya bai ci bai sha ba kafin ya haɗa su. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, tun da aka ƙara shi a farkon 2024, jika 42 ne. Zango ɗaya tak ya kusa cinye albashin shekara uku na mai wannan matsayi.

Kuma wannan kuɗin makaranta ne kawai. Ana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, ba irin wadda muke buga jarrabawa da ita ba. Ana buƙatar rezo da zai ɗauki bidiyo kai tsaye duk mako ba yankewa. Ana buƙatar katin banki da ke biya a waje. Karatun da Ingilishi ake yin sa, yaranmu kuwa da Faransanci suka taso, kuma jin gyaran gwani mai magana da sauri ya wuce Ingilishin kwalej. Tsakaninmu da California awa takwas ne ko tara, don haka malamin da ya zauna da ɗalibai bayan ya tashi daga aiki da ƙarfe shida na yamma, a Dungas ƙarfe biyu ko uku na dare ne. Ga kuran. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka ɗauki watanni kafin ta dawo. Zangon da aka biya ba ya jiran kowa, mako 12 ne, ko ka aika aiki ko ba ka aika ba.

A ce duk an tsallake wannan. Takardar da za a ba shi ba ta ɗaukar mutum aikin gwamnati, kuma su kamfanonin ba takarda suke kallo ba, ɗan faifan aikinka na minti ɗaya suke kallo. Kasuwar ma ba ta zaune lafiya. A watan Mayu na 2024 Pixar ɗin kanta ta sallami ma'aikata kusan 175. Ga kuma na'urorin nan masu ƙirƙirar bidiyo da kansu, waɗanda tuni katun ɗinsu na Hausa ya cika TikTok, bakin yana motsi dabam magana tana tafiya dabam, amma mutane na kallo. Ban ce gwani ba zai samu abinci ba. Na ce wanda ya sayar da fadama a kan wannan ya yi caca, kuma tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Gonar nan rake take bayarwa duk shekara, kuma yaron yana da ƙanne.

Amma akwai abin da ya hana ni in ce wa dattijon ya kori zancen gaba ɗaya, kuma shi ne ya fi damuna. A cikin malaman da nake zama da su na tambaya ko sun san Mustafa Alasan. Ƙalilan ne suka ɗaga kai. Mutumin nan ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, kuma yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka. Yana yaro yake haɗa wasan inuwa da fitila yana nuna wa mutanen garinsu. Ya yi kanikanci. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, wanda ya buɗe masa hanyar zuwa Kanada, inda ya koyi aiki a wurin Norman McLaren. Ya yi La Mort de Gandji, ya yi Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, wanda duk mai hankali ya san da su wa ake. Ya yi Samba le Grand a 1977 da ƴan tsana. Ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu, da makaɗa da ƴan kallo. Ƙarshen rayuwarsa a Tawa ya yi shi, yana ci gaba da aiki da abin da ke hannunsa.

Darasin da na ɗauka daga gare shi biyu ne, kuma suna jan juna. Shi ma sai da ya samu idon gwani, don haka yaron yana da gaskiya. Amma lokacin da gwanayen suka gan shi, ya riga ya daɗe yana yi da kwali da fitila. Aikin ne ya kira malamin.

Yau kayan farawa sun fi na zamaninsa araha nesa ba kusa ba. Manhajar Blender kyauta ce, kuma da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya yi fim ɗin Flow, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025 a gaban manyan kamfanonin Amurka. Pixar da Khan Academy sun saka darussa kyauta da suka kira Pixar in a Box tun 2015. Kamfanin Triggerfish na Afirka ta Kudu yana da nasa darussan kyauta. A Abijan, Afrika Toon ta fitar da Pokou a 2013. Ko salula kaɗai ta isa a fara: yaranmu na ƙauye da ke gina shanun laka a bakin tafki, in aka kafa waya a kan bulo, aka ɗauki hoto, aka matsa ƙafar sa kaɗan, aka sake ɗauka, an shiga sana'ar kenan. Buƙata kuma tana nan. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokance, amma ɗan shekara biyar da ke riƙe da wayar uwarsa a Bande ko Wacha, Gizo da Ƙoƙi ba sa cikin abin da yake kallo.

Ga abin da na gaya wa dattijon da mako ya cika, yaron yana zaune a gefe kansa a ƙasa. Kada a taɓa gona. A ba shi shekara guda. In da hali a nema masa kwamfuta ta hannu, ko da ta biyu ce daga Kano, da ɗan fanno na hasken rana, waɗanda ko zancen ya watse ana iya sayarwa ko a yi wani aiki da su. Ya yi ƙwallo, ya yi tafiya, ya yi mai ɗaukar tulu, ya kuma dage da Ingilishi. Idan shekara ta zagayo yana nan bai gaji ba, kuma akwai abin nunawa, to a lokacin a zauna da dangi a duba ko za a iya haɗa kuɗin zango ɗaya, ko a nemi wani gwani mai rahusa da zai riƙa duba aikinsa. Yawancin masu wannan sha'awa wata uku ke raba su da ita, kuma gara a gane haka a kan kyauta.

Na kuma ja masa kunne a kan wasu da ke tallar kansu a WhatsApp, su karɓi jika goma ko ashirin su ce za su mayar da kai gwani cikin wata ɗaya. Wani ƙanen matata ya taɓa biya, abin da ya samu bidiyoyin YouTube ne aka tura masa a jere. Gwajin mai sauƙi ne. Ya nuna maka aikin da ya yi da hannunsa, kuma ya yarda zai tsayar da naka hoto bayan hoto ya gaya maka inda ka kauce. In babu waɗannan biyun, riƙe kuɗinka.

Mu malamai ma da namu. Awar zane tana cikin jadawali, amma wa bai taɓa cinye ta da shifta ko lissafi ba idan jarrabawa ta matso? Ni na yi, ba sau ɗaya ba. Bik ɗin da na riƙa ƙwacewa a hannun yaron nan ya dawo mini a rai lokacin da ubansa ke magana.

Wata biyu bayan haka yaron ya zo da wayarsa ya nuna mini daƙiƙa huɗu: ƙwallo ta faɗo daga kan katanga, ta yi tsalle uku, ta gangara ta tsaya. Ya ce kwana tara ya yi a kanta. Na kalla sau biyar. Akwai abin da bai zauna ba a tsalle na biyu, na ji shi a jikina, shi ma ya ce ya ji. Muka yi ta mayarwa har aka kira magariba, daga ni har shi babu wanda ya iya nuna wurin.