Katsina United: tsakanin albashi, kasuwa da shugabanci

Ranar Lahadin da ta gabata, bayan sallar La'asar, hanya ta bi da ni ta wani gidan kallon ƙwallo a Ƙofar Ƙaura. Ɗakin ya cika maƙil, wasu ma a tsaye, kowa ya biya kuɗinsa don ya kalli ƙungiyoyi biyu na Ingila. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai gardama ta kaure a bakin ƙofa kan tamu ƙungiyar ta gida. Wani saurayi ya ce kuɗi ne ke buga ƙwallo, a ba Katsina United albashi mai tsoka a ga aiki. Na kusa da shi ya ce ai Katsina ba Legas ba ce, ba mu da kasuwar da za ta ɗauki nauyin babbar ƙungiya. Wani dattijo mai sayar da rake, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce ko an zuba kuɗin duniya, in babu mai riƙo, a banza. Na tafi gida ina juya maganganun nan uku, domin kowannensu yana da rabonsa na gaskiya, kuma abin da ake magana a kai ya wuce nishaɗi: dukiyar jama'a ce ake kashewa, kuma abincin matasa da iyalansu ne ya rataya a kai.

Mu fara da tarihinmu. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na ƙasa sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, duk da cewa ba ta ɗauki kofin ba ko sau ɗaya. Daga nan ta yi shekaru ba a jin ɗuriyarta a manyan wasanni, har ta taɓa komawa amsa sunan Spotlights. A 2016 ta dawo da sunanta na asali, ta kuma samu gurbin hawa babbar gasar ƙasa. A 2022 ta faɗa rukuni na biyu tare da Kano Pillars, a 2023 suka sake hawowa tare. A tsakanin nan an samu filin wasa na Karkanda, wanda aka buɗe a 2013, daga baya aka sa masa sunan Sarki Muhammadu Dikko. Ke nan muna da tarihi, muna da fili, muna da masoya. Abin da ba mu samu ba shi ne ɗorewa, kuma a nan tambayar take.

Batun albashi, ba zan yi wa saurayin farko musu ba. Simon Kuper da masanin tattalin arziki Stefan Szymanski, a littafinsu Soccernomics na 2009, sun nuna cewa idan aka ɗauki shekaru masu yawa a ƙwallon Ingila, abin da ƙungiya ke kashewa a albashi shi ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na matsayin da take ƙarewa a teburi. Dalilin a fili yake: gwanin ɗan wasa kowa ya san shi, kowa na nemansa, wanda ya fi biya shi zai same shi. Chelsea ta ɗauki kofin gasar a 2005, shekara biyu bayan Roman Abramovich ya saye ta. Manchester City ta ɗauka a 2012, shekara huɗu bayan kuɗin Abu Dhabi sun shigo. A Afirka ma haka ne: TP Mazembe ta Lubumbashi ta lashe Gasar Zakarun Afirka a 2009 da 2010 da 2015 a ƙarƙashin Moise Katumbi, Mamelodi Sundowns kuma ta lashe a 2016 da dukiyar Patrice Motsepe. Masu kafa hujja da Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki a 2016, su tuna cewa a 2023 ta faɗa rukuni na ƙasa. Mamaki kan faru a kaka ɗaya, amma a tsawon shekaru aljihu ne ke rinjaye.

Sai dai a can albashi yana da uwa. Daga kuɗin talabijin da tikiti da tallace-tallace da cinikin riguna yake fitowa, wato daga kasuwa. A nan kuwa mafi yawan ƙungiyoyi 20 na babbar gasarmu mallakar gwamnatocin jihohi ne, har da tamu, kuma daga baitulmali ake biyan 'yan wasa. Mu yi ɗan lissafi. Ƙa'idar da masu shirya gasar suka kafa a shekarun baya ita ce kada albashin ɗan wasa ya gaza Naira 150,000 a wata. Ko da a wannan mafi ƙarancin aka tsaya, 'yan wasa 30 za su ci Naira miliyan 54 a shekara, ban da masu horarwa da ma'aikata da alawus. Ga wasanni 19 na waje, wasu a Fatakwal, wasu a Aba ko Ibadan, da kuɗin mai da masauki da abinci, bayan tsadar da ta biyo janye tallafin man fetur a 2023. Alhali kyautar wadda ta zama zakara a 2025 Naira miliyan 200 ce, kuma ƙungiya ɗaya tak ke samunta. Sana'ar da ko gwaninta da ƙyar yake mayar da uwar kuɗi, dole ta rataya a wuyan gwamnati, kuma gwamnati tana da makarantu da asibitoci da matsalar tsaro a gabanta.

Shi ya sa nake ganin a ƙwallonmu, lokacin da ake biyan albashi ya fi yawansa muhimmanci. Akwai wani yaro da ya tashi a unguwarmu, ya yi kaka biyu yana buga wa wata ƙungiya a wata jiha. A takarda albashinsa ya ninka na ƙaramin ma'aikacin gwamnati. A aikace sai ya yi wata uku bai ga kwabo ba, kuɗin sa hannu kuwa rabi aka ba shi, sauran har yau. Ya ce da ni a irin wannan hali mutum ba ya sa ƙafarsa inda za ta karye, domin ya san in ya ji rauni shi zai yi jinyar kansa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar da ke biyan kaɗan a ranar da ta yi alkawari za ta riƙe 'yan wasanta fiye da wadda ke rubuta miliyoyi tana biya da haƙuri, kuma labarin mai biya a kan lokaci yana yawo a tsakanin 'yan wasa fiye da kowace talla.

Batun kasuwa kuwa, in da girman gari ne ke cin kofi, da Legas ta tattara su duka. Amma daga 2000, lokacin da Julius Berger ta zama zakara, har zuwa 2025, babu ƙungiyar Legas da ta ɗauki kofin gasar. Enyimba, wadda ta ɗauka sau tara ta kuma lashe Gasar Zakarun Afirka a 2003 da 2004, a Aba take. Remo Stars, zakarar 2025, a Ikenne take, ƙaramin gari a jihar Ogun da bai kai Funtuwa ba. Maƙwabciyarmu Kano Pillars ita ce ta fi kusa da tabbatar da hujjar masu cewa kasuwa, domin tana da babban birni da filin Sani Abacha mai cika. Ta ci gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Gasar Zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. To amma wannan ƙungiyar ce ta faɗa rukuni na biyu a 2022, a kakar da aka zaftare mata maki saboda hatsaniya. Kano ba ta ragu ba a wannan shekarar, masoya ba su gudu ba. Abin da ya sauya yana cikin gida.

Kuma ban yarda cewa kasuwarmu ƙarama ba ce. Jiha mai ƙananan hukumomi 34, ga Daura da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-ma, ga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga 'yan'uwanmu na Maraɗi a ƙetaren Jibiya. Masu kuɗin kallon ƙwallo suna nan, na gan su a Ƙofar Ƙaura, kuma duk ƙarshen mako suna biya. Rigunan Arsenal da Barcelona sun cika Babbar Kasuwa. Sau nawa mai karatu ya ga shagon da ke sayar da rigar Katsina United ta gaske, wadda kuɗinta zai koma asusun ƙungiya? Kasuwar da ba a buɗe wa ƙofa ba, ba a ce mata ƙarama.

Wannan ya kawo mu ga maganar mai rake. Manchester United tana cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa kuɗi da masoya a duniya, amma tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 ba ta sake ɗaukar kofin gasar ba, a 2025 ma ta 15 ta ƙare. Kuɗi da kasuwa suna nan, tsari ne ya ɓace. A gida, Enyimba ma ta gwamnati ce, amma Felix Anyansi-Agwu ya jagorance ta fiye da shekara ashirin, gwamnoni na zuwa suna wucewa. Remo Stars ta Kunle Soname ce, attajiri ne babu shakka, amma ba tara taurari ya yi ba. Ya gina fili da makarantar horar da yara mai suna Beyond Limits, ya kuma haƙura da koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, wanda ya ƙare na biyu kafin ya kai ga kofi. A ɗaya ɓangaren ga Akwa United, mai ɗaya daga cikin filaye mafi kyau a ƙasar nan da gwamnati mai arzikin mai: ta zama zakara a 2021, ta faɗa rukuni na biyu a 2025.

Ciwon ƙungiyoyin gwamnati a ko'ina iri ɗaya ne. Shugabanci kan zo ne da naɗi, ya tafi da sauyin gwamnati ko fushin wani babba. Wanda bai san ko zai kai baɗi ba, ba zai shuka abin da sai bayan shekara biyar zai yi 'ya'ya ba. Sai ya sallami rabin 'yan wasa, ya ɗebo sababbi, ya kori koci bayan rashin nasara uku, kowace kaka a koma farko. Yaron da aka raina kuma, in ya yi fice, sai ya tafi ba tare da yarjejeniyar da za ta dawo wa ƙungiya da wani kaso ba idan aka sake sayar da shi a waje. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Saboda haka ga abin da nake ba masu ruwa da tsaki shawara, kuma babu wanda ke buƙatar ƙarin biliyoyi a ciki. Na farko, a ware kuɗin albashin kaka gaba ɗaya tun kafin a fara wasa, a biya a rana ɗaya tsayayya kowane wata, tare da inshorar jinya. Na biyu, a ba hukumar gudanarwa wa'adi na shekara huɗu da manufofi a rubuce, a auna ta da su, kada a taɓa ta sai da dalilin da za a iya faɗa wa jama'a. Na uku, a riƙa wallafa lissafin shekara: nawa gwamnati ta bayar, nawa aka samu a ƙofa, nawa aka samu daga sayar da 'yan wasa. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗinsa inda bai ga littafi ba. Na huɗu, a fito da tikitin kaka da katin zama mamba, a sayar da riguna a kasuwanninmu, a tabbatar da tsaron da zai sa magidanci ya zo fili da 'ya'yansa. Na biyar, a ɗaure ƙungiyar da gasannin makarantu da na ƙananan hukumomi, domin gari irin namu ba zai iya yin gasar sayen taurari da jihohin mai ba, amma zai iya rainon nasa ya sayar. Idan waɗannan suka kankama, sai a fara sayar wa 'yan kasuwa da magoya baya hannun jari sannu a hankali, gwamnati ta rage nauyi.

Mu ma masoya muna da namu. Duk dutsen da aka jefa a fili, tara ce da za a cire daga kuɗin da ya kamata a biya albashi, wani lokaci ma a kori ƙungiya zuwa wani gari ta yi wasan gida babu 'yan kallo. Wanda kuma ya saba shiga fili kyauta don ya san mai gadi, bai da bakin tambayar me ya sa ba a sayi ɗan gaba mai kyau ba.

Katsina ta san yadda ake riƙon wasa. Folo da Sarki Dikko ya dasa, Sarki Usman Nagogo ya ɗaukaka, har yau ana yin ta a garin nan, domin an samu masu riƙo da suka miƙa wa na baya. Ina fatan ƙwallon ƙafa ta samu irin wannan riƙon. Ni dai wasan gida na gaba zan je Karkanda, in sayi tikitina a ƙofa, ina kuma roƙon a faɗa mana a ƙarshen kaka nawa aka tara. Allah ya sa mu dace.